Kumbon da Ya Kawo Kakata Agege

Ni mutum ne da idan na ce zan yi abu, ko a cikin raha na faɗa, to ya hau kaina ke nan. Mahaifiyata takan ce tun ina rarrafe haka nake, in na nufi ƙofa sai dai a ɗauke ƙofar. Na san inda na gaji halin, wurin kakata ne ta wajen uba, kuma a kan idonta muka kara da ita.

Yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyun. Tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Katsina, inda mahaifina ya baro tun yana saurayi ya zo cin rani Legas, ranin bai ƙare ba har yau. Fata yake saya a mayanka. Ya yi aike ya gaji a kan ta zo a yi mata aiki, don likita ya ce irin wannan yanar cirewa ake yi mutum ya gani garau. Amsarta ɗaya ce kullum, wai Ikko, wato Legas, ba ta mayar da mutum. Shi kuma ba shi da halin zama ya lallashe ta, domin shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido cikin ido, in za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". Ni ne dai jika, ni ne abokin wasa, don haka ni aka tura. Na je na same ta tana laluben bango kafin ta kai randa. Da murya ta gane ni, sannan ta shafa fuskata ta ce angon nata ya yi gemu. Na yi magiya har na fusata, ta ce in gaida mutanen Ikko. A motar dawowa na ƙudura a raina cewa matar nan sai ta sake gani, ko da me za a yi.

A lokacin, soja ba su daɗe da komawa bariki ba. Ina da ɗan shagon gyaran rediyo da talabijin a Agege, dab da layin dogo, in jirgi zai wuce sai na dafe ƙananan sukurori da tafin hannu kada su gangara. Akwai benci a ƙofar shagon da ba ya rabuwa da mutane, saboda rediyo ba ya yin shiru a wurina, ga shi kuma bakin kowa ya buɗe. Mahauci da ɗan okada da mai shayi duk sun zama 'yan majalisa, ba wanda ya zaɓe su.

Wata Asabar da hantsi ana wani shirin kimiyya, sai mai shirin ya ɗauko zancen halittun da ake zaton suna rayuwa a wasu duniyoyi. Ya ce nisan wurin ya kai a ce duk kumbon da ya tashi nemansu, waɗanda ke ciki ba za su sake taka ƙasa ba. Sai ya jefo tambaya, wai da za a nemi masu zuwa, wa zai ba da kansa.

Benci ya kaure. Mahaucin ya ce aljanu ne kawai, Turawa ne ba su san sunansu ba. Mai shayi ya ce shi damuwarsa alƙibla, ina mutum zai duba in ƙasar duka tana ƙarƙashin ƙafarsa. Ɗan okadan ya ce, "Oga, ni ko Mushin aka ce in je ba dawowa, I no dey go." Ni kuwa ina sunkuye a kan wani rediyo, na ɗago na ce, "Ni zan je."

Suka yi dariya har da buga cinya. Dariyar ce ta ƙara ɗaure maganar, amma ba ita ta haife ta ba. Na shekara da shekaru ina murɗa rediyo, kuma tsakanin tasha da tasha akwai wani shuu da ke fita, wani lokaci da 'yar ƙara a ciki kamar ana son a yi magana. Tun ina koyon aiki nake tsayawa a wurin fiye da yadda gyara ke buƙata. Ban da haka, zama baƙo bai taɓa ba ni tsoro ba. A Legas ana ce mini aboki, in na je Arewa a ce ga ɗan Yarbawa ya zo. Na ga in dai baƙunta ce, gara in yi mai dalili.

Wani abokina da nake sayen kayan gyara a wurinsa a kasuwar Alaba ya ce akwai shafi a intanet da masu irin haukata ke sa sunansu. Na hau danfo, motar hayar Legas, zuwa Iyana Ipaja, na shiga shagon intanet, na zauna ina cakar haruffa da yatsa ɗaya har na sa nawa. Na san babu kumbon tukuna, ba yaro ba ne ni. Amma niyya niyya ce, kuma ina so in an tashi nema a tarar da ɗan Agege a layi.

Daga nan na je wurin limamin masallacinmu na tambaye shi abin da ya kamaci wanda ya yi niyyar irin wannan tafiya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga ba wasa a fuskata. Ya ce shi dai abin da ya sani, mai doguwar tafiya yakan zagaya ya nemi yafiyar mutane, kamar yadda maniyyata ke yi. Ina jin ya faɗa ne don ya rabu da ni. Ni kuwa washegari na rufe shago na fara zagaye.

A mayanka abin ya lalace. Na bi abokan sana'ar mahaifina ɗaya bayan ɗaya, sai na ci karo da wani dattijon direba ɗan yankinmu, wanda ke sauko da shanu ya koma da kaya. Ya riga ya tada mota, ga kukan shanu, ga ihun masu kora. Na ɗafe ƙofar na ce, "Baba, a yafe mini, na yi niyyar tafiyar da ba dawowa."

Fuskarsa ta sauya nan take. Ya ce, "Subhanallahi! Yaro, wa ya hwaɗa maka haka?"

Na ce, "Turawa ne suka tabbatar. Sun ce in an tafi an tafi ke nan."

Na ci gaba da bayanin kumbo da taurari, ashe ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya kama hannuna ya girgiza, idonsa ya kawo ruwa, ya ja mota. Na koma ina jin daɗi, ina cewa ga mutum ɗaya dai da ya ɗauki maganata da nauyi. Ni da aka haifa a Legas, ko kusa bai zo mini a rai ba cewa a kunnen ɗan ƙauyenmu tafiyar da ba dawowa ma'ana ɗaya gare ta. Kafin labarin ya isa ƙauye, likitocin Turawa sun riga sun auna ni sun ce ba magani, har ina bin mutane ina sallama.

Bayan kamar mako biyu, wata ranar da aka wuni ana yayyafi, ƙanwata ta shigo shago a guje ta ce in zo, Kaka ta zo. Na ce wace kakar. Ta ce kaka nawa gare mu a Arewa.

Na tarar da ita a tsakar gida, tsaye, direban nan yana riƙe da sandarta. Kwana biyu ta yi a gaban motar shanu, matar da ko birnin Katsina sai da dalili take shiga. Zanenta ya jiƙe, ƙafafunta sun kumbura, ta rungume wani ƙulli a ƙirji. Tana ta juya kai tana cewa, "Ina yake? Na iske shi da rai?"

Na ce, "Ga ni, Kaka."

Ta saki sandar ta lalubo ni. Ta shafa fuska, ta matsa kafaɗu, ta danna ciki. Sai ta tsaya. Ta ce, "Wannan ne mai mutuwar? Ya hi san layya ƙiba."

Kafin a gama warware zancen, ƙullin ya kwance a hannun mahaifiyata. Farin yadi ne a ninke, yana ƙamshin turaren wuta. Likkafaninta ne da ta ɗinka wa kanta tun da daɗewa ta ajiye a ƙasan akwati. Ta ce ta kawo mini ne don kada a naɗe ni da yadin Ikko. Na tsaya ina kallonsa, kunya da tausayi suka rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani abu da ke tsalle a raina: ga ta a Legas. Abin da shekaru na aike suka kasa, kuskuren kunne ya yi shi. Na ce wa kaina wallahi ba za ta koma da yanar nan ba.

Ita kuwa da ta fahimci cewa sama zan tafi ba lahira ba, sai ta ce a samo mata direba, gobe za ta koma. Ta zauna a kan ƙullin kayanta ta ƙi a shigar da shi ɗaki. Direban ya ce shi sai ya sami lodi, kwana kaɗan dai. Iyakar lokacin da nake da shi ke nan.

Mahaifina ya ja ni gefe, ransa a ɓace. Ya ce, "Ka ga abin da shirmenka ya jawo? To ka gyara. Ka je ka ce mata ka fasa, amma da sharaɗin ta yarda a yi mata aiki."

Na ce, "Baba, ban fasa ba."

Ya ce, "Kumbon yana ina? A Oshodi aka ajiye shi?"

Na ce ko yana ina, ba zan ce na fasa abin da ban fasa ba, kuma Kaka tana jin ƙarya a murya kamar yadda nake jin rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Ya dube ni ya ce, "Kai da ita, Allah ya haɗa ku." Ya kaɗa riga ya tafi mayanka.

Da yake ba ta iya zama ta sake a gidan da ɗanta na fari ke shiga da fita, sai ta ce a kai ta wurin angonta. Haka ta koma zaman shagona. Na shimfiɗa mata tabarma a bayan teburin aiki, 'yan benci suka shiga taitayinsu. Jirgin farko da ya wuce ta yi salati ta riƙe ƙafar tebur, na biyu kuwa ko gezau, cewa ta yi wannan jirgin ba shi da tarbiyya. Kullum da safe sai na ce, "Kaka, asibiti." Ta ce, "Ka hwasa tahiyar?" In ce a'a. Ta ce, "To ni ma a'a." Daga nan sai a shiga hira.

Tambaya ce da ita kamar alƙali. Mutanen can sama suna da shanu? Suna gaisuwa? Na ce ba wanda ya sani, shi ya sa za a je. Ta ce, "Waccan tahiyar da suka yi zuwa wata, mi suka kawo muna in ba ciwon afolo ba? Gari duka ido ya yi ja. Yanzu kai kuma mi za ka kwaso?" Na ce ai ni ba zan dawo ba balle in kwaso. Ta kai mini duka da mafici, ta samu talabijin ɗin mutane.

Rannan na murɗa mata rediyo zuwa wurin shuu ɗin nan na ce ta saurara. Ta karkata kai ta daɗe. Makaho yana da haƙurin sauraro da mu ba mu da shi. Can ta ce, "Akwai abu ciki." Ban taɓa jin daɗin wata magana kamar wannan ba, don duk Agege ba wanda ya taɓa yarda da ni a kan haka.

Ana gobe direba zai tashi, ta wuni ba ta tsokane ni ba. Sai bayan la'asar, benci ya watse, ta ce, "Kai, in ka isa can, wa zai gaishe su?"

Na ce, "Ni mana."

Ta ce, "Kai? Kai da ko barka da asuba ba ka iya kai ta ƙarshe ba? Hausarka rabi Yarbanci, ka je ka tsaya ma mutane a ka kana cewa hawfa, gaisuwar 'yan Ikko. Su ce haka 'yan Adam suke, ba su da manya." Ta gyara zama. "Kuma in ciwo ya kama ka, wa zai dama maka kunu? Suna ɗaukar tsohi?"

Na ajiye abin da ke hannuna. Na ce ban ga inda aka hana ba.

Ta ce, "To a sa ni. Ni dama tahiyar da ba dawowa ita ag gabana, gara in yi ta da ɗan rakiya."

Na so in yi dariya, sai na ga fuskarta irin tawa ce ranar da na ce zan je. Na ga ƙofa ta buɗe, kuma na san in na yi garaje za ta rufe. Na ce a hankali, "Za a sa ki. Sai dai ina tunani, Kaka. A yi wannan uwar tafiya, a isa, su fito tarbarmu, kowa yana kallo, ke kuma sai dai ki ce in ba ki labari? Ko shafa su za ki yi? In masu ƙaya ne fa?"

Ta sa hannu ta taɓa fatar idonta, ɗaya sannan ɗaya. Tana cikin haka aka kira magariba.

Da safe direban ya turo a ce ya gama lodi. Mahaifiyata ta tsaya da ƙullin kaya a hannu, ba ta san ko ta fita da shi ko ta shiga da shi ba. Kaka tana shan koko, ba ta ko ɗago ba ta ce, "A ce mashi ya gaida gida. Kai kuma ango, ka kai ni wurin mai yankan idon. Ba ni zuwa har sama in dawo da labarin wani." Na ce ai ba a dawowa. Ta ce in rufe mata baki.

A ranar na koma Iyana Ipaja na sa sunanta a ƙarƙashin nawa, don alkawari na yi. Har ta koma ga Allah ba ta ce a cire ba, ni ma nawa yana nan.

Zirga-zirgar asibiti ta ci makonni. A gwada jini, a gwada wannan, a ce a dawo. Kwandastocin danfo suka san ta, suna hango mu sai su ce a matsa wa Mama. Wata nas Bayarabiya takan riƙe hannunta tana cewa, "Pele, Mama," ita kuma Kaka ta amsa da "Lahiya lau," kowa ya gamsu. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ce garin nan kowa gudu yake kamar an biyo shi.

Ranar aikin ne kawai na ga tsoronta. Ido ɗaya za a fara yi. Muna zaune a kan benci a baranda, ni da ita da mahaifina a can ƙarshe, sai ta damƙe wuyan hannuna har ya yi zafi. Ta ce, "In ban hito ba, ka ce ma wancan ya yahe mani." Yana jin ta sarai, tsakaninsu bai fi taku uku ba. Ya sunkuyar da kai ya ce da ni, "Ka ce wa Inna ni ne mai neman gafara." Na zauna a tsakiya kamar tafinta, ban isar da ko ɗaya ba. Nas ta zo ta tafi da ita.

Washegari da safe aka ce za a cire audugar da aka rufe idon da ita. Na tsaya a gaban gadon don in zama farkon abin da za ta gani, na ma sa sabuwar riga. Mahaifina ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Nas ta ɓare filasta a hankali, ta goge gefen idon, ta ce Mama ta buɗe.

Ta buɗe, ta rufe da sauri, ta sake buɗewa. Idon ya yi ja yana ruwa. Ta dubi fankar da ke juyawa a sama, ta dubi hannunta ta juya shi gaba da baya. Sannan ta sauke idon a kaina, ta kalle ni daga hula har takalmi.

Ta ce, "Ashe mummuna na biyo har Ikko."

Na fashe da dariya, hawaye na zuba, ban damu da wanda ke kallo ba. Sai na ga idon ya wuce ni ya tsaya a bakin ƙofa. Rabon da ta ga mahaifina da idonta, gemunsa baƙi ne wuluk. Yanzu ya yi fari fat, kafaɗunsa sun ranƙwafa saboda ɗaukar fata, goshinsa duk layi. Na jira ta kawar da kai kamar yadda ta saba, ba ta kawar ba.

Ta ce da ni, murya ƙasa-ƙasa, "Wancan tsohon hwa?"

Na ce, "Ɗanki ne, Kaka."

Ta ce, "Wa ya tsohe mani shi haka?"

Mahaifina ya sa hular ya rufe fuskarsa. Sai ta saki hannuna, ta miƙa nata wajen ƙofa, ta yi masa magana kai tsaye, abin da ban taɓa ji ba tun da nake.

Ta ce, "Cire hular nan. Matso in gan ka."

Ya durƙusa tun daga bakin ƙofar, a kan gwiwoyinsa ya ƙaraso.